Hancin da Kaka Ta Zaɓa Min

Masu karatu, ku riƙe dariyarku tukuna, ina da magana da wata a cikinku. Ke da kika rubuto min cewa ƙirƙirar labaran gidanmu nake yi, wai babu tsohuwar da za ta aikata abin da nake cewa kakata tana aikatawa: ki shigo mota ki zo garinmu Hita, nan ƙasar Japan, ki tambayi shagon takalman katako na gidan Kajiwara, nan bakin kogi. Za ki tarar da ita zaune. Ki maimaita mata a gabanta. Ni dai ba zan raka ki ba.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Mizuho, shekarata ashirin da huɗu. Kaka Fusae ce ta rene ni tun rasuwar mahaifiyata, shi ya sa bakina ya girme ni. Abu ɗaya nake nema a duniya, in shiga makarantar koyon aikin jinya. Lissafi na iya. Turanci ina lallaɓawa. Ganawar baki da malamai kuwa ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Abin da ya kayar da ni bara, ya kuma kayar da ni bara waccan, shi ne auna fahimta: a ba ka dogon rubutu, a ja layi a ƙarƙashin wata jimla, a ce me marubucin yake nufi a nan, zaɓi ɗaya cikin huɗu.

Ba don ban iya karatu ba ne. Majina ce.

Lokacin jarrabawa lokacin mura ne, sannan itatuwan sugi da suka lulluɓe duwatsunmu suna zubar da ƙurar furensu, rabin gari na hawaye. Kuma babu mai tarbiyyar da zai fyace hanci a cikin taro, sai dai a yi ta ja. To ni da na ji mutum ya ja hanci, hankalina ya bar takarda ke nan, ya koma kansa. Zazzaɓi ne? Ya karya kuwa? Wannan jan daga hanci yake ko ya sauka ƙirji? Bara wata yarinya ce a gefena. Kafin a ce a ajiye fensir na gama sanin ciwonta tsaf, har na tsara mata abin da za ta sha, amma da za a yanka ni ban san a kan me rubutun yake magana ba.

Da sakamako ya fito Baba bai yi faɗa ba. Baba ba ya faɗa, kujera yake gogewa. Akwai wata 'yar guntuwar kujera a shago inda mahaifiyata take zama tana zura wa takalma maɗauri. Ya goge ta fes, ya ɗora mata sabon matashi mai ruwan toka, ya ce, "Bana ki sake gwadawa. In bai yiwu ba, ga wurinki nan."

Na ce na amince. A gidanmu in ka ce ka amince, ka gama magana. Wato bana ko farar rigar asibiti, ko wannan kujerar har bayana ya lanƙwashe.

Ana cikin haka Gwaggo Teruyo, ƙanwar Baba, ta ɓullo da tata hidimar. Gwaggo ta haɗa aure a garin nan har mutane sun fara tsoron gayyatarta jana'iza, don ko a can sai ta haɗa wani. Ta ce ta samo min ɗan gidan Anai, masu injin tsaga katako a can saman dutse, shi kaɗai ne namiji, shi zai gaji dajin sugi tun na kakanni.

"Gwaggo, karatu nake yi."

"Karatun da kike yi tun yaushe? Shayi kawai za ku sha, ba cewa na yi ki bi shi gida ba. Cire min wannan rigar sanyin, kamar wadda kuliya ta kwana a kai."

Da gangan na sa ta. Amma sai da ta tura ni cikin shuɗiyar rigar nan mai farin wuya, ta maƙala min ɗan kunnen mahaifiyata, ta ɗaure min gashi har girata ta ɗaga sama.

Ranar Lahadi da rana ya zo. Dogo ne siriri, kwat ɗinsa mai ruwan toka ta gaza masa a hannu, a wuyansa laktaye mai zanen ƙananan kifaye. Ya riƙo kwalin waina mai cikin wake da hannu biyu. Farin takunkumi ya rufe masa rabin fuska, idanunsa jajur kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya jera takalmansa a bakin ƙofa, ya durƙusa a tabarma, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa.

"Sunana Anai Shunsaku. Ina roƙon a karɓe ni da—"

Shurrrp.

Masu karatu, ban taɓa jin irinsa ba. Yana farawa a hankali kamar ana zuƙe romon taliya, ya yi sama, sannan ya ƙare da ɗan siririn fito. Ruwan shayin da ke cikin kofi sai da ya motsa.

Gwaggo ta yi dariyar yaƙe. "Ƙurar sugi ce. Wa ya tsira a watan nan?"

Baba ya ce, "Magajin dajin sugi, kuma sugin ne ke sa shi kuka?"

"Eh, Kajiwara-san," in ji shi. "Tun ina ƙarami. Ni da itatuwan ba ma jituwa, kuma sun fi ni yawa."

Ni kuwa tuni na fara lissafi a raina: idon ya kumbura, murya ta toshe, wannan ba ya samun barci. Kaka tana can kusurwa, ta lumshe ido, ta karkata kai kamar mai ɗanɗanar miya. Can ta ce, "Yaro, sake yi."

"Na'am?"

"Abin da ka yi yanzu."

Bai ma yi niyya ba, abin ya zo da kansa. Shurrrp.

"Kullum haka yake?"

"Har furen ya ƙare, Kaka. Ku gafarce ni."

"Kana shan magani?"

"Barci yake sa ni, kuma da zarto nake aiki."

"Madalla. Kada ka sha." Ta juya ga Gwaggo. "Teruyo, yau kin yi abin kai. Wannan shi ne."

Gwaggo har da share ƙwalla. Ni na bi Kaka kicin da tiren kofuna.

"Kaka, mene ne 'wannan shi ne'? Ni ban ce ina so ba!"

"Wa ya yi maganar so? Kin faɗi sau biyu saboda jan hanci. Daga gobe za ki yi karatu da jan hanci a kunnenki har ki daina ji."

"Mutum ne fa, ba rediyo ba."

"Rediyon ai na gwada, bai yi ba, don kin san ba ya jin ciwo. Na sa ubanki ya ja miki, ya yi kamar agwagwa. Wannan na gaske ne, kuma da ƙafarsa ya zo."

Ta fita ta same shi, ta ce masa da fuskar nan tata da ba ta san wasa ba, wai al'adar gidan Kajiwara ce mai neman aure ya riƙa zama gefen yarinya tana aikinta, ba ya magana, don a ga haƙurinsa. "Haka kakanta ya yi min," in ji ta. Na dubi hoton Kakana da ke kan akwatin magabata. Ko shi sai na ga kamar ya kau da kai.

Haka aka fara. Kullum in ya tashi daga aiki da yamma zai sauko a 'yar farar motarsa ta ɗaukar kaya, ya zauna a gajeren teburinmu mai na'urar ɗumi a ƙasa, ya cusa ƙafafu ƙarƙashin bargon da ya lulluɓe shi ta gefen haguna. Kaka tana fuskantarmu, agogon dafa ƙwai a gabanta, sandar sosa baya a hannunta. Kaka ba ta yi nisa a makaranta ba, ƙananan haruffan ma ba ta gani, amma ta sa na karanta mata dokokin da ke farkon littafin gwajin, ta haddace biyu, da su take dukana.

"Amsar tana cikin rubutun, ba a cikin zuciyarki ba!"

"Duk inda kika ga 'amma' ki zagaye shi. Littafin ya ce abin da mutum yake nufi yana bayanta."

Ranar farko rubutun a kan tsofaffin gadoji ne. Ina sakin layi na biyu ya ja. Na daure. Ya sake ja. Ban san sanda bakina ya buɗe ba.

"Anai-san, ka gwada turara fuska da ruwan zafi?"

Fau! Sanda a kan tebur. "Idonki a takarda!"

"Ku yi haƙuri, laifina ne," in ji shi.

"Kai kuma an ce ka yi magana? Ci gaba da abin da kake yi."

Ya dube ta, ya rasa me yake yi da zai ci gaba, sai hancin ya amsa masa.

Da ya koma gida saƙo ya shigo wayata: "Na isa lafiya. Na gode da aka ba ni wurin zama. Ki gafarci hancina." Da hoton wani ɗan kare yana sunkuyawa. Na rubuta "Babu komai", na goge, na sake rubutawa. Kaka ta leƙo ta kafaɗata. "Ki ce masa hancin ya yi ƙoƙari."

Ban faɗa masa haka ba. Amma kuma ban gaya masa gaskiya ba, ku da kuke shirin zagina ku jira, ba a zo wurin ba.

Abin haushin shi ne dabarar tsohuwar ta ci. Kwana na tafiya na daina ɗago kai. Na gane ja iri-iri ne: akwai gajere, akwai mai tagwaye, akwai dogon nan mai fito. Kuma ko ta yaya, dogon yakan zo daidai lokacin da nake ƙarasa sakin layi, sai ya zame min kamar mai buɗe min shafi. Ya ja, in sauka. Ya ja, in zagaye "amma". Rubutu a kan dalilin da ya sa tsofaffi ke magana da shukokinsu, na ci duka. Rubutu a kan ko kunya tana da amfani, na kuskure ɗaya tak. Shi kuwa yana zaune yana ɓare min lemu, ya cire fararen zaren nan ɗaya bayan ɗaya, ya jera 'ya'yan a kan ɓawon ya turo gefen takardata ba tare da ya dube ni ba. Wani lokaci nakan ga jajayen idanun nan suna bin rubutun ta gefe. Wata rana na maƙale a wata tambaya, fensirina na yawo tsakanin ta biyu da ta huɗu, sai na ji raɗa daga cikin takunkumi.

"Ta uku ce."

Fau! "Kai! Haƙurinka aka zo gani ko iliminka?"

Ta ukun ce kuwa.

Saƙonninsa ma suka fara tsawo. "Yau na ga barewa a bayan injin. Ta gudu da na ja hanci." "Mahaifiyata ta tambaye ni me muke hira a kai, na ce gadoji." Ni kuma na kama kaina ina canza riga kafin yamma, har na ciro jar rigar sanyin da nake ajiya don sabuwar shekara. Gwaggo tana yawo a gari tana cewa an kusa.

Ana saura ɗan lokaci kaɗan jarrabawa, zagayen ƙarshe na bana, sai ga shi ya shigo ba takunkumi.

Ranar na fara ganin fuskarsa gaba ɗaya. Ashe yana da ɗan tabo a haɓa, ashe in ya yi murmushi kumatunsa na loɓawa. Idanu fari tas. Ya zauna, ya ja numfashi ta hanci, iska ta shiga ta fita kamar a buɗaɗɗen ɗaki.

"Na je wurin likita a birni," ya ce. "Akwai sabon magani da ba ya sa barci, da na fesawa. Na daɗe ina ganin yadda kike fama da ni. Ban san me zan ba ki na fatan alheri ba, sai na ce bari in ba ki shiru, Mizuho-san."

Ranar ya fara kiran sunana. Na sunkuyar da kai. Kaka kuwa fuskarta ta koma kamar busasshen lemu. Ta murɗa agogo.

Na karanta layin farko. Na sake karantawa. Ina jin firiji, ina jin Baba yana fere katako a shago, ina jin ruwa a kogi. Na kai ƙarshen sakin layi na tsaya ina jira a buɗe min, ba a buɗe ba. Na koma sama. Kalmomin suna nan, kowace na san ta, amma sun ƙi gaisawa da juna. Da agogo ya yi ƙara ko rabi ban kai ba, abin da na amsa ma shirme ne.

Kaka ta ajiye sanda a hankali. "Yaro, wa ya ba ka izinin taɓa hancin nan?"

"Kaka?"

"Na ce wa ka tambaya? Mun yi wata muna aiki da shi, sai da aka zo gaɓa ka je ka ɓata min kayan aiki?"

"Kaka, don girman Kakana ki yi shiru," na ce.

"Ba zan yi ba! Ce maka aka yi don kyawunka muke ɗumama maka ƙafa? Yarinyar nan jan hanci ke kayar da ita, na kawo ka ka horar da ita, ka je ka biya likita ya kashe min shiri!"

Shunsaku ya dubi lemun da ya fara ɓarewa. Ya dube ni.

"Kin sani?"

Ina so in ce a'a. Na ce, "Na sani."

"Al'adar gidan fa?"

"Babu ita."

Ya gyaɗa kai. Ya ƙarasa ɓare lemun, ya cire zaren, ya jera, ya turo min kamar kullum. Sannan ya zare ƙafafunsa daga bargo, ya durƙusa, ya sunkuya.

"Ashe hancin ne ya samu karɓuwa," ya ce. "Ni rakiya na yi masa. Na gode da shayi."

Na bi shi har ƙofa ina "Anai-san, tsaya", ya sa takalmi ya sake sunkuyawa ya tafi. Can saƙo ya shigo: "Na isa lafiya. Ba zan ƙara damunku ba. Ina yi miki fatan nasara." Babu ɗan kare. Na karanta shi yadda aka koya min, a hankali, ina neman "amma" in zagaye. Babu ko ɗaya.

Gwaggo ta zo ta yi ta ihu a tsakar gida, wai an zubar mata da mutunci a duwatsu da kwari. Kaka ko a jikinta, ta shiga neman madadi. Ta kawo tsohon wanzamin layinmu da ke fama da mura. Ta barbaɗa wa Baba barkono a gashin baki. Har matar mai awara ta zo ta yi mana yamma guda. Duk suka ja iyakar ƙarfinsu, ban ko ji tausayinsu ba, amma karatun bai shiga ba. Kun gane abin da tsohuwar nan ta yi min? Ta raba ni da majinar duniya, ta ɗaure ni da ta mutum ɗaya.

Na tura masa ban haƙuri, dogo, har da abin da ban yi niyyar faɗa ba game da lemu. Alama ta nuna ya karanta. Shiru. Duk sanda na ratsa ta shago sai in ga kujerar nan da matashinta, kamar tana matsowa.

Ranar jarrabawa na sa baƙar kwat da siket, farar riga, gashi a ɗaure. Kaka ta cusa min layar da ta karɓo daga wurin ibada a aljihu, da dunƙulen shinkafa biyu, ta ce, "In ba ki ji komai ba, ki ja naki." Baba ya kai ni a motar shago, da zan sauka ya ce, "Matashin mai laushi ne." Yana nufin lallashi. Saura kaɗan in fashe da kuka.

An kwana biyu ana ruwa, ruwan ya kwantar da ƙurar sugi. Zauren cike da mutane, kowa da takunkumi, kowa ya sha maganinsa, ko tari babu. Shekara biyu ina roƙon irin wannan shirun, sai ranar da ba na so aka ba ni. Aka ce a buɗe. Rubutun a kan hannun maginin tukwane ne, wai hannu yana tuna abin da kai ya manta. Na karanta layin farko. Na sake. Na sake. Na gwada shawarar Kaka na ja nawa hancin, wani busasshen sauti ya fito, na gefena ta harare ni. Fensira suna ta gudu a kewaye da ni. Na fara jin ƙamshin katakon shagonmu a hancina.

Sai daga can ƙarshen zauren, ta bayana, nesa sosai:

Shurrrp.

Dogon. Mai fiton.

Ban juya ba, wanda ya juya satar amsa ya yi. Na ji takun mai sa ido ta nufi baya, na ji ƙarar tishu, na ji wata toshasshiyar murya ta ce, "Na gode ƙwarai." Aka ɗan jima.

Shurrrp.

Masu karatu, shafin nan buɗewa ya yi kamar ƙofa. Na sauka sakin layi na biyu. Na ga "amma", na zagaye ta har fensir ya kusa huda takarda. Ya ja, na sauka. Ya ja mai tagwaye, na koma wurin da aka ja wa layi. Mai sa ido ta sake zuwa da tishu, ya sake godiya, ya sake ja. Wani a gabana ya dafe kai da hannu biyu, ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Na gama har na samu lokacin dubawa.

A baranda na gan shi, cikin kwat ɗin nan da ta gaza, idanu sun kumbura sun kusa rufewa, gashinsa da kafaɗunsa sun yi rawaya.

"Me kake yi a nan?"

"Jarrabawa. Ba a hana maza ba." Shurrp. "Ranar da za a rufe karɓar takardu na kai nawa, shi ya sa suka jefa ni can baya. Kin ji ni kuwa?"

"Har masu gadi sun ji ka. Mene ne wannan a kanka?"

"Na daina shan maganin, sai ruwan sama ya so ya ɓata min shiri. Na hau dutse da sassafe na shiga ƙarƙashin itatuwan na yi ta girgiza rassa a kaina. Ma'aikatanmu sun ɗauka na haukace."

Na miƙa hannu zan kaɗe masa kafaɗa, ya ja baya kaɗan.

"Ban huce ba fa, Mizuho-san. Abin da kuka yi min ba daidai ba ne. Amma—"

Sai atishawa ta kwashe sauran, wata irin atishawa da ta sa ƙurar kansa ta tashi, kafin ya dawo hayyacinsa an kira lambarsa zuwa ganawa. Ya tafi ya bar ni da "amma" a hannu ba abin da ke bayanta.

Ranar sakamako da hantsi muka kewaye wayata, ni da Baba da Kaka da Gwaggo wadda ta ce ba ta magana da mu amma ta zo. Gwaggo ta fizge wayar ta dinga ja da yatsa. Lambata tana nan. Na sa ta duba, na sa Baba ya duba, Kaka ma da ba ta gani ta duba.

Baba ya tashi ya shiga shago. Ya dawo da matashin nan mai ruwan toka ya tura wa Kaka a bayanta. Da na leƙa, ya ɗora tukunyar fure a kan kujerar. Nan na zauna a ƙasa na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.

"Ai na faɗa," in ji Kaka. "Wa ya zaɓo hancin?"

Wayar ta yi ƙara. Shunsaku ne, hoton jerin lambobin ya turo, ya zagaye wata lamba can ƙasa da ja.

"Ina taya ki murna. Sai dai an samu matsala. Ni ma na ci."

Na rubuta, "Ta yaya?!"

"Wata guda ina karanta takardunki ta gefen ido, dokokin Kaka kuma sun shiga kaina. A ganawa suka tambaye ni me ya sa nake son aikin jinya, na ce a asibiti babu itace. Suka yi dariya, suka rubuta wani abu."

"To ai sai ka ce musu ba ka zuwa."

Alama ta nuna yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo.

"Ina so in je. Na gaya wa mahaifiyata yanzu. Ki ce wa Kaka ta shirya."

Ban gama karantawa ba muka ji babbar motar katako ta tsaya a ƙofar shago, har gilasan taga suka girgiza. Wata gajeriyar mata ta sauko, rigar aiki duk garin katako, takalman roba har gwiwa. Ta cire su a bakin ƙofa, ta jera su daidai wa daida, a hankali, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Gwaggo ta zame ta ɓuya bayan firiji.

Matar ta sunkuya, ta ɗago, ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Ni ce mahaifiyar Shunsaku. Wace ce a cikinku ta ari hancin ɗana ta mayar min da shi nas? Dajin kakanninsa wa zan bar wa, barewa?"

Baba ya dubi tukunyar furen da ke kan kujera, ya dubi matar, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya ga ɗan'uwa. Kaka kuwa ta gyara zama a kan sabon matashinta, ta jawo sandar sosa baya kusa.

"Mizu, ɗora ruwan shayi. Ki fito da kofunan baƙi guda biyu."

"Biyu, Kaka? Ai ita kaɗai ce."

"Kunnenki ya toshe ne?"

Na kasa kunne. Daga cikin motar da ke waje, ta gilashin da aka ɗan sauke, a hankali kamar mai neman izinin shigowa:

Shurrrp.